Algus a Cikin Ilimi

Wata ran Lahadi, bayan an tashi daga sujada, wani dattijo daga cikin dattawan ekklesiya ya biyo mu har ƙofar gida, ya ce yana da tambaya. 'Yarsa tana so ta kai jikansa asibiti a yi masa allurar rigakafin ƙyanda, shi kuwa zuciyarsa ba ta kwanta ba. Gama ya ji a rediyo an ce masu ilimin nan da ke binciken magunguna, ana kama waɗansunsu da ƙarya, har an soke takardunsu dubbai. Ya ce, "Fasto, in mai awo ya cuce ni sau ɗaya ba na koma wa rumfarsa. To, don me zan miƙa jikana ga mutanen da su da bakinsu suka ce akwai maƙaryata a cikinsu?"

Ba mu iya ce masa labarin banza ya ji ba, gama gaskiya ne. A cikin shekarar 2023 kaɗai an janye takardun bincike fiye da 10,000. Wajen 8,000 daga cikinsu sun fito daga mujallun kamfani guda mai suna Hindawi, wanda kamfanin Wiley na Amurka ya saya a 2021. Muka ce masa, "Baba, ba mu kwana biyu mu yi tunani." Abin da muka samu shi ne mu ke so mu shimfiɗa a gaban masu karatu, don mun tabbata ba shi kaɗai ke da wannan tambaya ba.

Bari mu fara da yadda aikin ya ke tafiya. Idan mai bincike ya gwada wani magani, ya kan rubuta abin da ya yi da abin da ya gani: mutum nawa ya ba, nawa suka warke, nawa suka mutu. Sai ya aika wa editan wata mujalla ta masana. Edita ya miƙa takardar ga waɗansu masana biyu ko uku da suka san wannan fanni su duba, yawanci ba a biyansu ko anini. In sun yarda, a buga, likitocin duniya su karanta su yi aiki da ita. Ku lura da wannan da kyau: masu dubawan nan takarda kaɗai su ke gani. Ba su shiga ɗakin gwajin ba, ba su ga mara lafiya ko ɗaya ba. In mutum ya rubuta ya gwada ɓeraye arba'in alhali goma sha biyu ya gwada, da wuya su gane. Watau dukan ginin nan bisa shaida ya ke tsaye. Mu kan ɗauka doka ta tara, wadda ta hana shaidar zur, maganar gaban alƙali ce kawai. Amma mai bincike ma mashaidi ne, yana ba da shaida a gaban duniya bisa abin da ya gani a cikin halittar Allah. Maƙwabcin da shaidarsa za ta cuta kuwa, sau da yawa yaro ne a wata ƙasa wanda ba za su taɓa gamuwa ba.

Wannan cuta ba sabuwa ba ce. A shekarar 1912 wani lauya a ƙasar Ingila mai suna Charles Dawson, wanda ke tonon tsofaffin ƙasusuwa don sha'awa, ya ce ya sami gutsattsarin ƙoƙon kai da muƙamuƙi a wani ramin tsakuwa a Piltdown. Kan na mutum ne, muƙamuƙin kuwa kamar na biri. Manyan masanan Landan suka ce an sami wata tsohuwar halitta da ke tsakanin biri da mutum. Aka ba ta suna, aka sa ta a littattafai, ta zauna shekara arba'in. Sai a 1949 wani masani, Kenneth Oakley, ya auna wani sinadari mai suna fulorin, wanda ƙashi ke sha daga ƙasa sannu sannu in ya daɗe a binne, ya ga ƙasusuwan ba su kai tsufan da a ke faɗi ba. A 1953 shi da Joseph Weiner da Wilfrid Le Gros Clark suka tone asirin sarai. Kan na mutum ne na 'yan ɗaruruwan shekaru. Muƙamuƙin na wani babban biri ne na ƙasashen gabas da a ke kira orangutan. An goge haƙoran da magagari don su yi kama da na mutum, an kuma rina ƙasusuwan don su yi duhu kamar sun tsufa.

Ba maganar asalin mutum mu ke yi yau ba, wannan sai wata rana. Abin da ya kama hankalinmu shi ne, shaidar magagarin nan tana bisa haƙoran tun farko, kowa ya sa gilashi ya duba zai gani. Me ya hana su gani? Suna so abin ya zama gaskiya. An sami tsofaffin ƙasusuwan mutane a Jamus da Faransa, Ingila ba ta da nata, ga shi kuma abin ya yi daidai da abin da waɗansunsu suka riga suka zata. Maƙaryaci ba ya cin kasuwa sai inda ya tarar da masu marmarin kayansa.

Ƙaryar Piltdown ba ta kashe kowa ba. Ga wadda ta taɓa rayukan yara. A watan Fabrairu 1998 mujallar likitoci ta Ingila mai suna Lancet ta buga takardar wani likita, Andrew Wakefield, da abokan aikinsa, bisa yara 12. Takardar ta sa zato cewa allurar da ke tsare yara daga ƙyanda da hangum da rubela tana da hannu cikin wata larura da a ke kira otizim, wadda kan sa yaro ya janye daga magana da cuɗanya da mutane. Wakefield ya tsaya gaban 'yan jarida ya ce a daina yin allurar nan a haɗe. Iyaye suka tsorata, wa zai ga laifinsu? A Ingila yaran da a ke yi wa allurar suka ragu daga wajen 92 cikin 100 zuwa wajen 80. Ƙyanda ta komo. A 2006 wani yaro ɗan shekara 13 ya mutu da ita, shi ne na fari a ƙasar cikin shekara 14. Wani ɗan jarida mai suna Brian Deer ya bi sawun maganar shekara da shekaru, ya gano cewa wani lauya da ke shirin kai masu yin allurar ƙara ya sa an biya Wakefield fam fiye da 400,000, shi kuwa bai faɗa wa mujallar ba. Ya gano kuma abin da aka rubuta bisa yaran bai yi daidai da takardunsu na asibiti ba. A 2010 Lancet ta janye takardar, hukumar likitocin Birtaniya kuma ta soke sunansa daga cikin likitoci. Shekara goma sha biyu ke nan. An ce ramin ƙarya ƙurarre ne. Haka ne, amma kafin a kai ƙarshen ramin mutane da yawa sun faɗa ciki, har yau kuma akwai iyaye a ƙasashe da yawa da suka ji ƙaryar ba su ji labarin janyewar ba.

Mu a ƙasar nan muna da namu tabon. A 1996 sanƙarau ya faɗa wa Arewa, ya kashe mutum fiye da 11,000. Cikin wannan annoba kamfanin Pfizer na Amurka ya zo Kano ya gwada sabon magani mai suna Trovan. Yara 200 aka sa a gwajin, rabi aka ba su sabon maganin, rabi aka ba su wani sananne. Yara 11 suka mutu, waɗansu suka nakasa. Kamfanin ya ce sanƙarau ne ya kashe su, ba magani ba, ya ce kuma an yi wa iyaye bayani da baki suka yarda. Iyaye da yawa kuwa suka ce ba wanda ya faɗa musu gwaji a ke yi. Amma akwai abu guda da ya fito fili: takardar izinin da aka nuna, wadda a ke cewa kwamitin asibiti ya bayar kafin a fara, an rubuta ta ne bayan an gama gwajin da daɗewa, aka mayar da kwanan watanta baya. A 2009 kamfanin ya shirya da gwamnatin Kano bisa dala miliyan 75, ba tare da ya amsa laifi ba.

Ku dubi abin da ya biyo baya. A 2003 jita-jita ta tashi cewa an sa abin hana haihuwa a cikin ɗigon rigakafin shan inna. Ba gaskiya ba ne. Amma wanda maciji ya sara, in ya ga igiya gudu ya ke yi, mutane kuwa ba su manta da 1996 ba. Kano ta tsai da rigakafin sai watan Yuli 2004. Yaran da shan inna ya kama a Nijeriya suka tashi daga wajen 200 a 2002 zuwa fiye da 1,100 a 2006, cutar kuma ta ƙetare zuwa ƙasashe da yawa, har Yaman da Indunusiya. Ba mu ce takardar izinin nan kaɗai ta jawo wannan ba, akwai siyasa da tsoro iri iri a ciki. Amma wanda ya mayar da kwanan wata baya, watakila yana gani ƙaramin abu ya yi don ya cika ƙa'idar ofis, ya ci daga rumbun amana wanda ba nasa ba ne.

To, me ke sa mutum mai ilimi ya yi haka? Waɗansu kuɗi ne, waɗansu suna. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. A jami'o'in duniya, har da na ƙasar nan, malami ba ya samun ƙarin girma sai ya kawo takardu kaza da aka buga. Masu ƙirgawa kuwa sau da yawa ƙirgawa kawai su ke yi, ba su karantawa. Mujallu da yawa kuma yanzu marubuci ne ke biya kafin a buga masa, wani lokaci dala dubu biyu ko uku, saboda haka kowace takarda da edita ya ƙi, kuɗi ne ya kora. A 2013 wani marubuci mai suna John Bohannon ya shirya takardar ƙarya da gangan, bisa wani maganin ciwon daji da babu shi, ya cika ta da kurakuran da ɗalibi ma zai gani. Ya aika wa mujallu 304 na irin waɗanda a ke biya. Guda 157 suka karɓa. Daga nan har aka sami kamfanoni waɗanda sana'arsu ke nan, su ƙirƙira takarda da lissafinta da hotunanta, su sayar wa malami gurbin sa suna. Irin waɗannan ne suka cika mujallun Hindawi. Masana suna ta gardama yanzu bisa yadda za a gyara. Waɗansu sun ce a daina auna malami da yawan takardu ko da sunan mujalla, a karanta aikinsa. Waɗansu sun ce a tilasta kowa ya baje lissafinsa duka a fili don wani ya iya bi. Muna ganin dukansu suna da gaskiya. Wanda ya kafa doka mai saka wa maƙaryaci da girma, ta bar mai gaskiya a baya, yana da nasa alhaki. Duk da haka ba za mu wanke ɓeran ba, gama a ofis guda, ƙarƙashin doka guda, akwai wanda ya zauna shekara bakwai ba ƙarin girma don ya ƙi sayen takarda.

Akwai wani irin algus da ya fi waɗannan wuyar kamawa, shi ne kuma ya fi ba mu tsoro, don mai yinsa ba ya jin ya yi ƙarya. A 2008 waɗansu likitoci a Amurka suka bincika gwaje-gwaje 74 na magungunan ciwon baƙin ciki waɗanda aka kai wa hukumar magunguna ta ƙasar. Guda 38 sun nuna maganin yana aiki, an buga 37 daga ciki. Sauran 36 ba su nuna haka sosai ba. A cikinsu 22 ba a buga su ba sam, 11 kuma an buga su da lafazin da zai sa mai karatu ya zaci an yi nasara. Likitan da ya karanta mujallu sai ya ga kamar kusan kowane gwaji ya yi kyau, alhali wajen rabi ne. Wannan ya tuna mana da Hananiya da Safiratu a cikin Ayyukan Manzanni sura 5. Kuɗin da suka kawo kuɗi ne na gaske, ba jabu ba. Bitrus ma ya nuna musu gonar tasu ce, kuɗin kuma yana hannunsu su yi yadda suka ga dama. Zunubinsu shi ne sun kawo wani kashi suka bar mutane su zaci duka ne.

Amma kada mu haɗa ƙarya da kuskure, gama ba ɗaya ba ne, a nan kuma dattijonmu ya ɗan zarce. Ba kowace takarda da aka janye ta maƙaryaci ba ce. Frances Arnold, wata malama a Amurka, ta sami lambar Nobel ta ilimin sinadarai a 2018. A watan Janairu 2020 ta fito da kanta ta sanar wa duniya cewa ta janye wata takardarta da mujallar Science ta buga a 2019, don sun sake gwajin bai fito kamar dā ba. Ta nemi gafara, ta ce aiki ya yi mata yawa a lokacin, ba ta lura yadda ya kamata ba. Mu masu wa'azin tuba kowace Lahadi, sau nawa muka taɓa tsayawa a bagadi muka ce abin da muka koyar bara kuskure ne?

Ga amsar da muka kai wa dattijon. Muka ce, "Baba, wa ya kama ƙaryar Piltdown? Masana. Wa ya soke sunan Wakefield? Likitoci. Takardun nan 10,000 ba iska ta janye su ba, mutane ne suka zauna suka duba su ɗaya ɗaya." Akwai wata mace 'yar ƙasar Holan, Elisabeth Bik, wadda ta duba hotunan takardu fiye da 20,000 da idonta, ta sami wajen 4 cikin 100 da hotunan da aka maimaita ko aka taɓa. Daga baya ta bar aikinta na albashi ta koma wannan aiki kaɗai, ta sha zagi da barazanar ƙara dominsa. Kasuwar da a ke kama masu ɗaga gindin mudu a fili ta fi wadda ba a taɓa kama kowa ba, don wannan ta biyun ba mai dubawa ne. Boka kuwa, wanda wani zai gudu wurinsa, ba mu taɓa jin ya tara jama'a ya ce maganinsa na bara bai yi ba.

Muka kuma tuna masa da dokar Kubawar Shari'a, wadda ta hana a yanke magana bisa bakin mutum guda, sai an sami shaidu biyu ko uku. Masana na kirki haka su ke yi: takarda guda ba hujja ba ce tukuna, sai waɗansu a wata ƙasa, waɗanda ba su ci abincin mai takardar ba, sun gwada sun sami abu guda. Wakefield yara 12 ya kawo. A ƙasar Danmak an bi yara fiye da 650,000, aka buga sakamakon a 2019, ba a ga allurar ta ƙara otizim ba. Allurar ƙyanda kuwa tun 1963 a ke yinta. Shi dattijon da kansa shaida ne, gama ya ga zamanin da ƙyanda kan shiga gari da rani ta bar kaburburan yara a jere. Saboda haka shawararmu ita ce a kai yaron. Ba domin likitoci mala'iku ba ne, amma domin a kan wannan allura shaidu sun yi yawa, sun fito daga ƙasashe dabam dabam, bakinsu kuma ya zo ɗaya. Sabon maganin da mutum guda ke yabo a rediyo, wannan a jira tukuna. In kuma aka ce za a sa ɗanka a gwaji, kana da iko ka tambaya da harshenka, a amsa maka da harshenka, kana kuma da iko ka ce a'a. Ya ce ya ji, zai yi magana da 'yarsa.

Da ya tafi sai maganar ta juyo kanmu. Kowace shekara a kan aiko mana takardar rahoto mu cika: masu zuwa sujada nawa, nawa aka yi wa baftisma, nawa suka tuba. Mun san ekklesiyar da lambarta ta hau a kan yabe ta a taron gunduma, fastonta kuma a kan tuna da shi in an zo rabon manyan wurare. Ashe daddawar nan tana gidanmu ma. Wa ke rubuta waɗanda suka ɗaga hannu a taron farkawa, sa'an nan ya koma bayan wata shida ya ƙirga nawa suka tsaya? Wa ke cire sunan wanda ya koma birni shekara uku, ko wanda ya koma wata ekklesiya, alhali can ma ana ƙirga shi? Mu kan ba da shaidar wanda aka yi wa addu'a ya warke, yana da kyau kuwa, amma ba mu cika ambaton waɗanda muka yi wa addu'a muka kuma binne ba, mai ji sai ya zaci duka ke nan.

Mu kanmu, a rahoton bara, inda aka tambayi yawan masu zuwa sujada, lambar ranar bikin godiya muka rubuta, ranar da baƙi suka cika har tagogi. Babu wanda muka ƙirƙira, kowane kai mun ƙirga shi, a lokacin kuma zuciyarmu ba ta ce mana kome ba. Da dare muka ɗauko littafin maga-takarda, muka haɗa Lahadi hamsin da biyu muka raba, lambar ta sauko da wajen sulusi. Mun rubuta wa ofishin gunduma wasiƙa muka roƙa a gyara. Wasiƙar ta kwana uku bisa tebur kafin muka iya aika ta.